Zabiyar da Na Yi wa Ɗinki a Marsai

A bayan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Arlit, na fara tambayar kaina ko ina da hankali. Muna can sama kan buhunan kaya, ƙafafu na lilo a waje, kowa ya riƙe igiya da hannu biyu. Ni da hannu ɗaya na riƙe, ɗayan yana kan jakunkunana, don duk abin da na mallaka a duniya yana cikinsu.

Sunana Lawali, baduku ɗan baduku, mutumin Mirriya. A Zangon Damagaram na ƙarasa koyon sana'a wajen ƙanen babana. Shekarar tamanin da huɗu ce, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Dabbobi suka yi ta mutuwa, fata ta cika majema har ana rasa mai ɗauka, amma wanda bai ci ba ba ya sayen alabe. Da can Kano muke kai kaya, sai ga iyaka a rufe. A gida na bar matata Rabi da goyon ƴarmu Zuwaira, da tsohuwata, da rumbun da ake ganin ƙasansa. Wani direba ne ya ce mini a Marsai ta ƙasar Faransa Nasara suna rububin aikin fatar Damagaram. Na zauna na ɗinka alabe, da jakunkunan mata, da matasan zama, da takalma, na ɗaure, na bi maganarsa.

Yawancin mutanen da ke kan motar Buzaye ne waɗanda garkensu ya ƙare. Ba sa zancen abin da suka rasa. Akwai wani tsoho a cikinsu mai ƴar buta, duk inda aka tsaya sai ya tono gawayi daga aljihu ya dafa shayi, ya miƙo mini kofin farko.

"Bahaushe, ina za ka da kaya haka kamar mai kai lefe?" in ji shi da gurguwar Hausarsa.

"Faransa, Baba."

"Akwai awaki can?"

"Ban sani ba."

"To, in babu, ka dawo ka gaya mini, kada in wahalar da kaina."

Shi ne mutumin da ya fara sa ni dariya tun da na bar gida. A Tamanrasat muka rabu, ban ma tambayi sunansa ba.

Na daɗe a Tamanrasat fiye da yadda na yi niyya. Guzuri ya ƙare, sai na shiga ɗaukar bulo a wajen masu gini, da yamma kuma in zauna bakin masallaci ina gyaran takalma. Kayana ban taɓa ko ɗaya ba, na ce na Faransa ne. Daga nan na hau motoci iri-iri har Aljer, inda na fara ganin teku. Na tsaya baki buɗe ina auna gonakin Mirriya da wannan ruwa zai shayar, har wani Balarabe mai sayar da kifi ya lura da ni, ya ɗebo a tafin hannu ya ce in ɗanɗana. Na tofar, ya yi ta dariya, sannan ya ba ni soyayyen kifi a takarda bai karɓi komai ba. A jirgin ruwa kuwa ba abin da zan ba da labari, domin kaina a cikin bokiti yake har muka isa.

Ina sauka a Marsai, ina tsaye da kaya ban san gabas ba ban san yamma ba, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan garinmu." Wani mutum ne fari sol da babbar riga, ya ɗora kwat a sama, da carbi a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Musa, mutumin Guna, nan kusa da Mirriya. Hawaye suka zo mini. Ya kai ni na ci shinkafa, ya yi ta tambayar mutanen gida. Daga baya na gane ni ne nake kiran sunayen, shi nasa kawai ya ce, "Allah sarki, yana nan da rai?" Washegari ya ce akwai mai babban kanti da zai kwashe kayan gaba ɗaya, amma ba ya son ganin baƙuwar fuska, in jira a ƙofa. Ya saɓi jakunkunan ya shiga. Na jira har inuwar gidan ta tsallaka titi. Da na gaji na leƙa, sai na ga doguwar hanya ce kawai mai ƙofa ta biyu a wancan titin.

Abin da ya rage mini shi ne ƴar jakar kayan aiki da ke ɗaure a ƙuguna, basilla da wuƙa da zare, sai jar fatar akuya guda ɗaya da na naɗe a ƙirji ƙarƙashin riga saboda sanyi.

Wani mutumin Mali mai suna Bakari, mai dafa abinci a gidan da ma'aikatan Afirka ke haya, wanda suke kira fuwaye, shi ya tsince ni a bakin titi. Ya nuna mini gadon wani da ke aiki lokacin da mutane ke barci, ya ce in kwanta in tashi kafin mai shi ya dawo. Ya kan ajiye mini ƙanzon tukunya. Ban aika gida da labari ba, don ban san abin da zan ce ba. Abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ce, ƙishin fura ne, da inuwar tsamiyoyin Mirriya, da jin an kira sunana daidai. A can kowa "Lawal" ko "Ali" yake ce mini, wanda ya ga dama ma ya ce "kai".

Bakari ya ce ranar Lahadi akwai kasuwar tsofaffin kaya, in je in gwada. Na shimfiɗa kwali a gefe, na jera basilla da zare, ina samun mai tsinkakken takalmi jefi-jefi. Ina sunkuye a wata Lahadi sai na ga takalman soja sun tsaya a gabana. Da na ɗaga kai, sai da na yi a'uziyya a zuci. Mace ce, gajeriya, siririya. An aske gefen kanta biyu, an bar zanko a tsakiya irin wanda ake bar wa yara a ƙauyukanmu, amma nata fari fat, a tsaye. Ta zuba kwalli har ya kusa kai kunne. Na ce ko dai takaba take yi irin tasu, ko kuma ba ta da lafiya.

Ta tuɓe baƙar rigar fata, wadda suke kira buluzon, ta jefo mini. Ta yage daga kafaɗa har tsakiyar baya. Faransancina na ƴan shekarun lakwal ne, wato makarantar boko, da na kasuwa, amma na gane ta.

"Kana iya gyara wannan?"

"Ina iyawa, Madam. Wa ya yaga?"

"Wani da bai so jin muryata ba."

"Ina yake yanzu?"

"Yana neman mai gyaran hanci."

Na ce mata ba ni da baƙar fata, sai ja. Na zaro ta daga ƙirjina, da ɗumin jikina a kanta. Ta shafa, ta sansana, ta ce, "Sa jar. Kuma kada ka ɓoye yagar, so nake a gani."

Ban taɓa jin mai kawo gyara ya ce a nuna gyaran ba. Na yanka fatar, na bi bakin yagar da koren zare, na yi irin ɗinkin da muke yi wa matashin zama. Ita kuwa ta zauna a ƙasa kusa da ni, cikin sanyi, da ƴar shimi, ta ciro burodi ta raba biyu ta miƙo mini. Na duba abin da ke ciki, na ga naman alade ne, ban kai baki ba. Ta dube ni, ta dubi burodin, ta buga goshinta, ta tashi. Can sai ga ta da wani mai kifin gwangwani. Muna ci ta tambayi sunana, ta maimaita har sai da ta faɗe shi daidai. Ta ce nata Odil. Ban san yadda aka yi ba, na kwashe labarina duka na gaya mata, har da Alhaji Musa. Ta yi ashar ɗin da ban sake jin irinsa ba a harshen Nasara, masu wucewa suna waiwayowa.

Lahadin da ta biyo ta zo da ayari, ƴan mata da samari masu irin kanta, wani kore, wani ja. Kowa na so a yi masa jan faci, har waɗanda rigarsu lafiya lau take. Na ga wata yarinya ta sa wuƙa ta yaga tata a gabana. Fatata ta ƙare kafin azahar. Odil ta ce, "Kwashe kayanka. Muna da rufi, muna da murhu, kuma na san inda ake sayar da fata."

Wani tsohon ma'ajin sabulu ne kusa da tashar jiragen ruwa, har lokacin bangonsa na ƙanshi. Muna shiga na ji ƙarar da ta sa na ja da baya, na ɗauka faɗa ake yi da ƙarafa. Ashe kiɗa ne. Mata ne su huɗu da ita. Mai ganguna sunanta Malika, iyayenta mutanen Aljeriya, tana dukan fatun nan kamar sun yi mata laifi. Odil ta ɗauki gitar, ta matsa bakinta jikin mikoro, ta saki murya. Ban san inda wannan murya take ɓuya a cikin ƙaramin jikin nan ba. Waƙar ba ta kai tsawon alwala ba ta ƙare. Ta juyo ta ce, "Yaya?"

Na ce, "Wa ya ɓata miki rai?"

Suka faɗi ƙasa don dariya. Ta ce sunan kiɗan pank. Ta ce ba sai mutum ya iya ba, in yana da abin faɗi ya hau ya faɗa. Na ce a garinmu sai ɗan makaɗi ke kiɗa, kamar yadda sai ɗan baduku ke riƙe basilla. Ta ce, "A nan ma haka suka ce mini. Sai wanda ya yi lakwal ɗin kiɗa, kuma ya zama namiji."

Malika ce ta ba ni tarihin Odil a hankali, don ita ba ta son zancen kanta. Babanta ɗan dako ne a bakin ruwa. Ita kuma naɗe sabulu take yi a masana'anta tun tana budurwa, har ranar da ta ajiye aikin ta sayi tsohuwar gitar. Kafin ita ba a taɓa ganin mace a garin ta tsaya gaban ƙungiya tana ihu da abin da ke ranta ba. Ta yi waƙa a kan shugaban aikin da ke taɓa mata, da masu gidan haya, da yadda ake kallon ƴaƴan baƙi irin su Malika. An jefe ta da kwalabe, masu gidajen kiɗa sun rufe mata ƙofa, an tofa mata yawu. Lokacin da na san ta kuwa, ƴan mata daga wasu garuruwa suke hawo jirgin ƙasa don su gan ta. Da idona na sha gani, in ta gama wasa sai ta cire gitar ta rataya wa wata yarinya mai rawar jiki, ta nuna mata inda ake danna yatsu, ta ce, "Shi ke nan, kin iya. Je ki nemi ƙawayenki, kada in sake ganinki a cikin masu kallo."

Suka ba ni lungu kusa da murhu, na kafa aikina. Ranar farko da na shimfiɗa kwali zan yi la'asar, ana tsakiyar kiɗa, sai na ji tsit. Odil ce ta ɗaga hannu. Ban roƙe ta ba, ita ma ba ta taɓa yin zancen ba. Tun daga ranar, da na nufi famfo sai a ajiye kayan kiɗa a kunna taba a waje. Na laƙaba mata suna Zabiya. Ta ce me ke nan? Na ce a Hausa haka ake kiran mace mawaƙiya, haka kuma ake kiran wanda aka haifa fari fat har gashi. Ta ce tun da take ba a taɓa auna ta da suna daidai jikinta irin wannan ba, ta sa aka rubuta shi a bayan buluzon ɗinta.

Wata rana da hantsi Malika tana gwada wani kiɗa, hannu na faɗuwa bayan hannu, sai na tuna gida. Na ajiye basilla. Odil ta ce lafiya? Na ce wannan lugude ne, haka matan gidanmu ke yi in sun haɗu a turmi ɗaya, wannan taɓarya na fita wannan na shiga, har da jefa ta sama a tafa. Na ce a nan ne mata ke faɗin abin da ba sa faɗa a zaure, su yi wa miji habaici, su yi wa maƙwabci, kowa na ji ba mai iya cewa komai. Idonta ya buɗe.

"Kana nufin a garinku mata sun daɗe suna pank?"

"Da taɓarya dai."

"Rera mini."

Na ce namiji ba ya waƙar daka. Ta ce nan ba mai kai labari Mirriya. Na rufe ido na rera wadda tsohuwata ke yi wa wata maƙwabciyarmu mai aro ba ta mayarwa: *Ke mai dogon hannu, dawo da ƙwaryata, ko ta tsage ina son abata.* Kafin la'asar sun mayar da ita waƙarsu. Odil tana ihu da Hausar da ko ni ba na ganewa, Malika tana lugude da sanduna. Na yi dariya har na yi kuka, kuma na bar su suka ɗauka duk dariyar ce.

Da sanyi ya tsananta suka sami gayyata a garuruwa, suka tafi da ni a tsohuwar kamiyonet ɗinsu wadda sai an tura take tashi. Ni ne mai turi. A Liyon na fara taka ƙanƙara na faɗi zaune. Muna yawo da rana muna neman abinci mai araha, Malika ta tsaya cak gaban wani kanti ta kira ni. A bayan gilashi, ƙarƙashin fitila, ga matasan zamana, ga jakunkunana, ga takalman da na ɗinka a zauren gidanmu Rabi na miƙo mini ruwa.

Odil ta shiga. Mai kantin dattijuwa ce mai tabarau, ta ce ita a hannun wani ɗan kasuwa baƙar fata ta saya da gaskiyarta, ba ta san wani Lawali ba, a fita mata daga kanti. Odil ta fito fuska ja, ta ce a sauko da gitar da ƙaramar na'urar ƙara sauti da ke aiki da batir. Malika ta jawo garwar shara ta kife.

Na riƙe hannun rigarta na ce, "Zabiya, izinin zamana ya ƙare. In jandarma suka zo, ke faɗa za su yi miki, ni kuwa jirgi za su sa ni, hannu wofi."

Ta tsaya. Ta ce, "Ban yi wannan tunanin ba. Ka yafe mini." Sannan ta ce, "Kayan naka ne, kai za ka faɗa. In ka ce a bari, mun bari."

Na dubi takalman nan a bayan gilashi. Na ce a yi, amma ba da ni a tsaye ba. Ta kai ni gidan shan kafe da ke tsallaken titi, ta zaunar da ni bakin taga, ta sa aka kawo mini madara mai zafi, ta ce ni ɗan kallo ne ban san kowa ba.

Daga nan na ga komai. Malika ta fara lugude a kan garwa, Odil ta saki waƙar ƙwarya a ƙofar kantin. Ƴan matan da suka zo garin don wasansu suka fara ɓullowa daga lunguna, kowace da jan faci a kafaɗa, suna amsawa da Hausar da ba su san ma'anarta ba. Ma'aikatan da suka fito cin abinci suka tsaya. Wani tsoho mai kare ya shiga rawa. Ni ina riƙe da kofi, ido ɗaya a kansu ɗaya a bakin titi. Dattijuwar ta fito za ta yi faɗa, sai na ga ta tsaya, ta gyara tabarau, ta kama kafaɗar wata yarinya tana duba ɗinkin, ta juya ta dubi kayan da ke tagarta. Ta yi wa Odil magana a kunne, ashe tambaya take ina mai ɗinkin yake. Odil ta girgiza kai, matar ta sake magana, ta ɗora hannu a ƙirji. Sannan suka tsallako tare.

Matar ta zauna a gabana, ta kira ni da sunan girmamawa na Faransanci, ta ce, "Mushe, ban sani ba." Ta ce abin da ya rage nawa ne, in kwashe ko in bar mata ta sayar da sunana. Ta kuma tambaya ko akwai irinsu a inda na fito. Na ce akwai unguwa guda da ba ta da aiki sai wannan. Matar nan ta yi shekaru tana karɓar kaya daga dukawan Mirriya da na Zango, ita ce ma ta yi ta zirga-zirga har takarduna suka gyaru. Alhaji Musa ban sake ganinsa ba. A satin nan na yi aiken farko gida, kuma Rabi ta ce ranar da aka sauke buhun gero a ƙofarmu tsohuwata da kanta ta ɗauki taɓarya.

Da bazara aka shirya babban wasa da rana a wani fili don taimakon ƙasashen da fari ya ci. An manna hotunan yara masu kumburarren ciki ko'ina. Na ce wa Odil ba ƙarya ba ne, na ga irinsu, amma ba shi ke nan labarinmu ba. Da ta hau, kafin ta taɓa gitar, ta jawo ni gaban dubban mutane, ni da hulata da basilla a aljihu. Ta ce, "Mutanen da kuke tausayi, ga ɗayansu. Sunansa Lawali, daga Damagaram. Shi ya ɗinka abin da rabinku ke sanye da shi. In kun gama kuka, rumfarsa tana can baya." Aka yi ta kiran Damagaram, kowa da yadda ya iya karya sunan.

Da labari ya zo cewa damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, sai zama ya gagare ni. Suka raka ni bakin jirgi su duka. Odil ta ce za ta zo. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa baƙo.

Bayan ƴan shekaru ina rumfata ranar kasuwar Mirriya, na ji yara sun ɗauki sowa, sai ga zanko fari yana tahowa a saman motar Zandar. Rabi da ta gan ta ɗaki ta shige ta ja labule. Odil ba ta jira an yi mata iso ba, ta nufi turmin da ke tsakar gida ta ɗauki taɓarya, ta rafka, geron ya watse kaji suka taru. Rabi ta kasa daurewa, ta fito ta ƙwace, ta nuna mata yadda ake tsayuwa. Kafin magariba tafin hannun Zabiya ya yi bororo, Rabi tana shafa mata man shanu tana yi mata faɗa da Hausa, ita tana amsawa da Faransanci. Ba wadda ke jin wata, amma wata guda da ta yi a gidanmu sai na nemi izini kafin in sami wurin zama a tsakaninsu. An yi mata lalle, an kai ta biki a Takeita, ta koyi guɗa. Da za ta tafi ta bar gitar ɗinta a ɗakin Rabi, ta ce nauyi take yi mata.

Zuwaira ce ta taso da gitar nan. Tana budurwa ta tara ƙawayenta suka fara kiɗa a bayan gida, suna waƙa a kan layin famfo, da malamin da ke korar ƴan mata daga aji, da samarin da ke tafiya ba sa aike. Aka zo mini har rumfa, aka ce ƴar baduku ba ta kiɗa. Na ce na ji, zan duba. Har yau ina dubawa. Yanzu ana jin su a rediyo, kuma duk yarinyar da ta tsaya kusa tana kallon yatsun Zuwaira, sai ta tashi da gitar a wuya. A can Faransa kuma, Malika kan aiko wa Zuwaira hotuna a waya: ƙungiyoyin mata waɗanda ba a haife su ba lokacin da muke ma'ajin sabulu, suna cewa daga Odil suka gane ana iyawa. An zana fuskarta a bangon wani gida a bakin ruwa, tsawon bene. Odil ta ce sun ƙara mata hanci.

Bara, bayan girbi, Malika ta kira ta ce Zabiya ta rasu, a gadonta, bayan gajeriyar jinya. Ta ce wajen rakiyarta titi ya cika da mata masu furfura da jikokinsu, ba wanda ya yi shiru ko na minti ɗaya, don ta bar wasiyya kada a yi.

Na rufe rumfa, na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kamar yadda ake yi. Rabi ta dama fura mai yawa aka raba. Mutane suka yi ta zuwa suna gaisuwa, da yawansu dukawan da suka ci abinci ta hanyar kantin Liyon. Malam Isufu, limamin unguwarmu, wanda ya zo garin bayan zuwanta, ya zauna kusa da ni ya yi mini ta'aziyya, sannan ya sassauta murya.

"Lawali, ban ji wanda aka rasa ba. Ƴar'uwa ce?"

Na yi ta juya maganar a raina. Na ce, "Uwar ɗakina ce, Malam. A baƙunta ta riƙe ni."

Sai muryar Rabi ta fito daga bayan zana, inda mata ke zaune.

"Allah gafarta Malam, kada ya ruɗe ka. Ƙawata ce. Shi ɗinki kawai yake yi mata."

Malam Isufu ya dube ni. Na ce gaskiya ta faɗa. Ya gyara zama, ya juya wajen zanan, ya sake ta'aziyyar daga farko.